Yadda Raƙuman Ruwa Su Ke Wahalar da Tagwayen Jirgi

Kwalekwale in siriri ne gudu gare shi, amma ba shi da wuyar kifewa. In kuwa aka fafe shi da faɗi don kada ya kife, sai ya yi nauyin tafiya, masu tuƙi su sha wuya. Mutanen bakin ruwa sun daɗe da gano dabarar da za su sami amfanin nan biyu gaba ɗaya. Sai su ɗauki sirara biyu su jera, su bar fili tsakaninsu, su gitta itatuwa a bisa su ɗaure. Ga gudu, ga zama daram, ga kuma wurin ɗora kaya. Turawa suna kiran irin wannan jirgi katamaran. Kalmar ba tasu ba ce, aro suka yi daga harshen Tamil na kudancin Indiya, ma'anarta kuwa itatuwan da aka ɗaure. Wani matuƙi mutumin Ingila, William Dampier, ya rubuta ta cikin littafin tafiye-tafiyensa na 1697. Mu a nan sai mu ce tagwayen jirgi.

To, amma ba a samun alheri irin wannan kyauta. Abin da ya hana jirgin kifewa, watau ratar da ke tsakanin jikunan nan biyu, shi ne kuma ya ba ruwa makama ta karya shi. Yau ana ƙera tagwayen jirage masu ɗaukar mutane ɗari-ɗari har da motoci, suna ƙetare teku da gudu, rayukan mutanen nan duka kuwa suna rataye ga abin da ya haɗa jikunan biyu. Shi ya sa na ga ya kamata mu da za mu koyar da lissafi da kimiyya mu san yadda abin ya ke, ko da ya ke yawancinmu ba mu taɓa shiga teku ba.

Bari mu fara shirya sunaye don kada mu rikice. Kowane ɗaya daga cikin jikunan biyu za mu kira shi ganga. Itace ko ƙarfen da aka gitta ya haɗa su za mu ce azara, kamar ta rufin soro. Azara da daɓen da ke bisanta gaba ɗaya, gada. Gaban jirgi goshi, bayansa wutsiya. Wanda ya fara kiran tashin ruwa raƙumi kuwa ya rage mana aiki, don raƙumi yana da tozo. Inda ruwa ya ɗaga shi ne tozo, inda ya faɗa tsakanin tozo biyu shi ne kwari.

Raƙumin ruwa da kansa

In iska ta bi ta kan gonar shinkafa, za ka ga kamar wani abu yana gudu daga wannan gefe zuwa wancan, alhali kowane kara yana nan inda aka shuka shi, sunkuyawa kawai ya yi ya miƙe. Haka raƙumin ruwa ya ke. Siffar ce ke tafiya, ruwan kuwa zagayawa ya ke yi, ya ɗaga, ya yi gaba, ya sauka, ya komo baya, kusan inda ya tashi.

Akwai wani ɗan lissafi mai daɗi da za a iya yi da agogo kaɗai. A ƙidaya sakan nawa ne tsakanin wucewar tozo ɗaya da na bayansa. A ninka wannan lamba da kanta, sa'an nan a ninka da 1.56. Abin da ya fito shi ne nisan tozo zuwa tozo a mita, muddin ruwan yana da zurfi. Raƙumi mai sakan 10 tsawonsa mita 156 ke nan. Mai sakan 3 kuwa mita 14 ne kawai. Har wa yau raƙumi ba ya iya yin tsayi yadda ya ga dama. In tsayinsa daga kwari zuwa tozo ya kai wajen kashi ɗaya cikin bakwai na tsawonsa, sai kansa ya fashe ya yi kumfa.

Ruwa kuma abu ne mai nauyi, mantawa mu ke yi don mun saba ganinsa a kwano. Akwati mai tsawo mita ɗaya, faɗi mita ɗaya, zurfi mita ɗaya, in aka cika shi da ruwan kogi, ruwan tan ɗaya ne, watau kilo 1,000. Na teku kilo 1,025 ne saboda gishiri.

Kowane dogon jirgi, ko mai ganga ɗaya ne ko biyu, yana da wahala guda wadda ba ya kuɓuce mata. In tozo ya zo daidai tsakiyarsa, sai ya ɗaga cikin, goshi da wutsiya su rataya, bayan jirgin ya gantsare. In tozo biyu suka tallafi goshi da wutsiya, kwari na tsakiya, sai cikin ya lotsa. Wannan tsohon sani ne. Misirawan dā su kan ja wata ƙatuwar igiya daga goshi zuwa wutsiya bisa sanduna su murɗe ta tamau, ana ganinta cikin zanen jiragen Sarauniya Hatshefsut. Waɗanda suka karanta Ayyukan Manzanni sura 27 kuma za su tuna matuƙan jirgin da ya ɗauki Bulus sun zagaya igiyoyi ta ƙarƙashinsa suka ɗaure sa'ad da hadiri ya tsananta. Ba zan daɗe a nan ba, don abin da ya ke na tagwaye su kaɗai shi mu ke nema.

In raƙumi ya zo daga gefe

Mutum zai zaci babban raƙumi shi ne abin tsoro. Ga gadar tagwayen jirgi ba lalle ba ne. Mu ɗauki jirgi mai tsawo mita 12, daga tsakiyar wannan ganga zuwa tsakiyar waccan mita 6. Raƙumin nan mai mita 156 in ya zo, ɗaukar ganguna biyun zai yi tare ya sauke su tare, kamar yadda tudu ba ya karya jaki don ya hau shi. Wanda zai ba gada wuya shi ne raƙumin da tsawonsa ya yi ninki biyu na ratar, watau mita 12. In kun juya lissafinmu na ɗazu za ku ga bai cika sakan 3 ba, tsayinsa kuma ba zai wuce mita ɗaya da ɗigo bakwai ba. Ɗan ƙaramin abu, irin wanda iskar yamma ta kan tayar cikin sa'a guda.

Ga abin da ya ke yi. Sa'ad da tozonsa ya shiga tsakanin ganguna, ruwan da ke jikin kowace ganga ta ciki ya fi na waje tsayi. A ce ta waje ruwa ya kama mita 1, ta ciki mita 1 da rabi. Turin da ruwa ke yi wa bango ana samunsa haka: a ninka zurfin da kansa, a raba biyu, a ninka da tsawon bangon. Ta waje, 1 sau 1, rabinsa, sau 12, tan 6. Ta ciki, 1 da rabi sau 1 da rabi ya ba da 2 da kwata, rabinsa sau 12, tan 13 da rabi. Bambancin tan 7 da rabi ne, yana tura wannan ganga dama, wani kamarsa yana tura waccan hagu. Watau ruwa yana neman ya tale jirgin, yadda mahauci ke tale ƙafafun akuya.

Ba nan abin ya tsaya ba. Turin nan a ƙasa ya ke, cikin ruwa, azara kuwa tana can bisa. A ce tsakaninsu mita 2 ne. Duk wanda ya taɓa sa sanda ya ɓanɓare dutse ya san tsawon sanda ƙarfi ne. Tan 7 da rabi sau mita 2 ya zama 15. In azara biyu ce, kowace ta ɗauki 7 da rabi. In kuma azarar kamar dogon akwati ce mai rami, kaurinta daga sama zuwa ƙasa rabin mita, sai a raba 7 da rabi da rabin mita. Kun ga ke nan gefenta na ƙasa ana jansa da ƙarfin tan 15, na sama ana matse shi da tan 15. Da maƙerin ya yi ta da kauri mita guda, da jan ya koma tan 7 da rabi, ba tare da ya ƙara ƙarfe mai yawa ba. Ku gwada da rula. A kwance yaro ma ya lanƙwasa ta, a tsaye bisa gefenta sai ta gagari malam.

Kafin sakan ɗaya da rabi ya cika, tozon ya wuce, kwari ya maye gurbinsa. Yanzu ruwan waje ya fi tsayi, sai ya matso gangunan ciki, gefen azara da a ke ja ɗazu shi a ke matsewa. Tsakanin wannan da wancan kuma akwai lokacin da ganga ɗaya ke bisa tozo, ɗaya na cikin kwari, wannan na neman sama, waccan na neman ƙasa, suna cin gindin azara kamar bakin almakashi. Duk wannan lissafin allo ne na ruwa a tsaye. Na gaskiya ya fi haka wuya, don ruwan na motsi, jirgin ma na motsi, shi ya sa masana su kan ƙera ɗan ƙaramin jirgi su ja shi cikin doguwar kwatarniyar gwaji, su kuma sa kwamfuta ta yi lissafin. Amma hanyar tunanin ita ce wannan.

Turin gefe ya taɓa kunyata manyan gwanaye. A shekarar 2000 aka saki wani jirgin tsere mai filafilai a Ingila, sunansa Team Philips, shugabansa Pete Goss. Tsawonsa ƙafa 120, faɗinsa ƙafa 70, an yi shi da zaren kabon, Sarauniya Elizabeth da kanta ta raɗa masa suna. Goshinsa biyu dogaye ne sirara, an yi su don su huda raƙumi su wuce, ba a kuwa sa wata azara a can gaba ta riƙe su ba. A watan Maris, wajen gwaji kusa da tsibiran Silli, wani babban yanki na goshin hagu ya karye ya rabu. Da aka bincika sai aka tarar ɗamarar kabon da aka shimfiɗa a tsawon gangar don ta ɗauki lanƙwasar gefe ba ta manne da abin da ke ƙarƙashinta sosai ba. Aka gyara. A watan Disamba na shekarar hadiri ya same su a tsakiyar Tekun Atlantika, jirgin ya fara lalacewa, wani jirgin kaya ya kwashe mutanen duka da ransu, aka bar shi ruwa ya ƙarasa.

Murɗa

In raƙumi bai zo ta gaba sak ba, bai kuma zo ta gefe sak ba, ya zo a karkace, sai wata wahala ta ɓullo wadda ni a ganina ta fi sauran ban sha'awa. Tozo ɗaya ya kan kwanta a gicciye ƙarƙashin jirgin, ya tallafi goshin gangar dama da wutsiyar gangar hagu a lokaci guda. Ta dama tana son ta ɗaga kai, ta hagu tana son ta sunkuya. Gada ce a tsakani, sai a murɗe ta kamar mai wanki na matse zane. Ko tebur ne aka ɗora bisa ƙasa marar daidai, ƙafa biyu na kusurwa suna ƙasa biyu suna lilo, in aka hau shi za a ji yana ƙara. Masu tsara jirage su kan ɗauki wannan misalin sosai, su lissafta kamar an ɗora jirgin duka bisa duwatsu biyu, ɗaya a wannan kusurwa ɗaya a waccan, su ga ko gadar za ta jure.

Hanya biyu a ke bi da murɗa, sun kuwa saɓa wa juna.

Ta fari ita ce a ƙi ta da ƙarfi. A nisanta azarar gaba da ta baya iyakar iyawa, don in suna kusa da juna aikin ya yi musu yawa. Sa'an nan a yi gadar rufaffiya ta kowane gefe. Ku zaro aljihun kwalin ashana ku murɗa shi da yatsu, za ku ji ba shi da wani ƙarfi. Ku mai da shi cikin kubensa ku sāke murɗawa, sai ku ji ya ƙi. Gora ma haka ta ke, muddin ba a tsaga ta ba murɗa ta sai ƙato, in an tsaga ta a tsaye ko sau ɗaya ne ta zama banza. Saboda haka kowace ƙofa ko taga da aka huda a jikin gada rage mata ƙarfi a ke yi, dole a ƙarfafa bakinta.

Ta biyu ita ce a bar ganguna su ɗan motsa. Mutanen tsibiran Tekun Fasifik da wannan suka ci teku. Ba su da ƙarfe, ba su da ƙusa. Da igiyar da suka tufka daga zaren ɓawon kwakwa su ke ɗaure azara ga ganga, ɗauri bisa ɗauri, da irin waɗannan jirage kuwa suka kai Hawai da Niyu Zilan. Ɗaurin igiya ya kan ɗan saki ya komo, saboda haka bugun raƙumi ba ya taruwa wuri guda. Don kada a ce labarin kaka ne, a 1975 aka ƙera wani jirgi a Hawai bisa siffar na dā, mai suna Hokule'a, tsawonsa ƙafa 62, gangunansa na kayan zamani ne amma ɗaure su aka yi da igiya. A 1976 ya tafi Tahiti cikin wata guda da 'yan kwanaki, Mau Piailug yana nuna hanya da taurari da yanayin raƙuman ruwa, ba kamfas. Daga 2014 zuwa 2017 jirgin nan ya zagaya duniya.

Turawa ma sun biyo wannan hanya. Nathanael Herreshoff na Amurka, wanda ya ƙera Amaryllis a 1876, ya haɗa gangunan tagwayen jiragensa da gaɓoɓi masu juyawa kamar gaɓar kafaɗa, don kowace ta yi sunkuyonta ita kaɗai. James Wharram na Ingila, wanda ya ƙetaro Atlantika daga New York cikin tagwayen jirginsa Rongo a 1959, daga baya ya tsara jirage masu yawa waɗanda igiya ce ke riƙe da azararsu.

Wace ta fi? Ni dai ina ganin girman jirgi ne ke yanke shari'ar. Ga ƙaramin jirgi marar nauyi ɗauri ya fi, ba don yana saki kaɗai ba, har don ido na ganinsa. Igiya in ta fara cinyewa kowa ya gani ya sāke ta, tsaga cikin walda kuwa ɓoyewa ta ke yi ƙarƙashin fenti. Sai dai a lura, ɗan saki daban, sako-sako daban. In ɗauri ya kwance har azara tana wasa a mazauninta, kowane raƙumi sai ya zama guduma. Babban jirgi mai injuna da motoci a ciki kuwa ba shi da zaɓi, dole gadarsa ta zama guda da gangunan. Duk da haka kamfanin Incat na Hobart a Tasmaniya ya kan ɗora ɗakin fasinjoji bisa matasan roba, don motsi da rawar jikin jirgin kada su hau sama duka. Ashe dabarar masu igiyar kwakwa ba ta mutu ba, wuri ta sāke.

Mari daga ƙasa

Ku sa hannu cikin bokitin ruwa da gefensa, zai shige salin-alin. Ku buɗe tafin ku mari ruwan, za ku ji zafi. Ƙarƙashin gada tafin hannu ne babba. In jirgi na fuskantar raƙuman ruwa, goshinsa ya faɗa kwari daidai lokacin da tozo na gaba ke tasowa, sai ruwan da ke tsakanin ganguna ya rasa mafita, dama ganga, hagu ganga, ya daki gada da ƙara kamar an harba igwa. Bayan dukan kuma jikin jirgin duka ya kan yi ta karkarwa kamar bulalar da aka kaɗa, wannan karkarwa kuwa lanƙwasa ce a kan lanƙwasa.

Ƙarfin marin ba daidai da saurin haɗuwar ya ke ƙaruwa ba, ya fi haka. In saurin ya ninka biyu, marin ya ninka huɗu. In ya ninka uku, tara. Wannan ne dalilin da ya sa maganin farko yana hannun matuƙi: ya rage gudu, ko ya ɗan karkata hanya.

Sojan ruwan Amurka sun sha wannan darasi da wani jirgin binciken teku mai suna Hayes, tsawonsa ƙafa 246, wanda ya fara aiki a 1971. Da ya shiga Atlantika ta arewa lokacin sanyi, ruwa ya yi ta dukan ƙarƙashin gadarsa har ya yi mata lahani. Maganin da aka yi shi ne aka gitta wani abu kamar fiffike cikin ruwa tsakanin goshin biyu, don ya rage sunkuyo da ɗagawar jirgin. Mutanen Incat kuwa wata dabara suka yi. Goshin gangunansu masu tsini ne, suna huda raƙumi, sa'an nan a tsakiya ƙarƙashin gada akwai goshi na uku mai siffar ƙirjin kaza, yana rataye bisa ruwa. In jirgin ya yi nitso da yawa, shi ne ke shiga ruwa ya tsaga shi ya ɗago kan. Wani jirginsu mai mita 74, Hoverspeed Great Britain, ya ƙetare Atlantika a 1990 cikin kwana 3 da sa'a 7 da minti 54. Amma ko wannan bai kashe marin ba, don ruwa ya kan cushe cikin lungun da ke tsakanin goshin tsakiya da ganga, masanan Jami'ar Tasmaniya sun yi shekaru suna auna shi a jikin jiragen.

Wani zai ce, to, a ɗaga gadar sama mana inda ruwa ba ya kai. Ana yi. Amma ku koma lissafinmu. In aka ɗaga azara daga mita 2 zuwa mita 3, 15 ɗin nan ya zama 22 da rabi. An guje wa mari an ƙara wa talewa ƙarfi, an kuma ƙara wa iska abin turawa. Haka in aka ƙara rata don jirgin ya ƙara zama, azara ta ƙara tsawo, ta ƙara nauyi. Mai tsara jirgi kullum ciniki ya ke yi.

Gajiyar ƙarfe

Da wuya raƙumi guda ya karya jirgin da aka ƙera da kyau. Yau da gobe ce ke karya shi. Waya in ka ja ta ba za ka tsinka ta ba, amma lanƙwasa ta gaba da baya sau ashirin, sai ta yi zafi ta karye. Raƙumi mai sakan 3 yana zuwa sau 20 a minti, sau 1,200 a sa'a, sau 28,800 a kwana. Cikin kwana 35 azara ta sha ja da matsi sau miliyan.

Tsagar ba ko'ina ta ke farawa ba. Tela in zai kece yadi, ya kan ɗan ɗanɗana bakinsa da almakashi, sa'an nan ya ja, yadin ya bi ta nan. Ƙarfe ma yana neman inda aka ɗanɗana masa: kusurwa mai kaifi, ramin ƙusa, bakin walda. Kusurwar da ta fi kowace hatsari a tagwayen jirgi ita ce hammata, inda gada ta sadu da ganga, don talewa da almakashi da murɗa duk nan su ke haɗuwa. Shi ya sa a ke yi mata baka, ba a barinta da kaifi. Yawancin jiragen fito masu gudu da alminiyam a ke yinsu, don nauyinsa kashi ɗaya cikin uku ne na baƙin ƙarfe, amma ya fi shi saurin gajiya, musamman a bakin walda, saboda haka dubawa a kai a kai wajibi ce.

In ana son a ga iyakar abin da ƙaramar tsaga ke yi, a dubi Alexander Kielland. Ba tagwayen jirgi ba ne, dandamali ne mai ƙafa biyar da ma'aikatan man fetur ke kwana a kai a Tekun Arewa, amma shi ma azara ce ke riƙe da ƙafafunsa. Tsaga ta fara daga waldar wani ɗan ƙaramin abu da aka liƙa a jikin azara ɗaya, ta yi ta ci a ɓoye. Ran 27 ga Maris 1980, cikin hadiri, azarar ta karye, sauran suka bi, ƙafa guda ta fita, dandamalin ya kife. Mutum 123 suka mutu cikin 212.

Saboda irin wannan ne ba a barin mai jirgi ya zama alƙalin kansa. Ƙungiyoyin duba jirage, irin su Lloyd's Register ta Ingila da DNV ta Norwe, suna da ƙa'idodin lissafin gada. Hukumar jiragen ruwa ta Majalisar Ɗinkin Duniya kuma ta kafa doka ta jirage masu gudu a 1994, ta sabunta ta a 2000, inda a ke ba jirgi takardar izni mai faɗin iyakar tsayin raƙumin da zai fita a cikinsa. In fasinja ya ji an ce yau jirgi ba zai tashi ba alhali rana na haske, kada ya yi fushi da matuƙi.

Abin da ya shafe mu

A manyan kogunanmu, Kwara da Binuwai, an daɗe ana haɗa kwalekwale biyu a shimfiɗa katako don a ƙetar da kaya mai nauyi. Wannan ma tagwayen jirgi ne, dokar kuwa ɗaya ce. In ratarsu mita 2 ce, raƙumin da zai fi tale su mai mita 4 ne, wanda bai kai sakan 2 ba. Irinsa ne iska ke tayarwa a buɗaɗɗen ruwa kamar tafkin Kainji, irinsa ne kuma jirgi mai inji ke bari a bayansa in ya wuce kusa. Wurin dubawa kafin a hau shi ne ɗaurin kusurwa huɗu, da ko katakon a kwance aka sa shi ko a tsaye.

Ga wanda zai koyar da wannan a aji, kayan aikin ba su da tsada. A sami karan dawa biyu masu kauri, tsawon kamu biyu, su ne ganguna. A gitta tsinken tsintsiya biyu, a ɗaure da zare. Yaro ɗaya ya riƙe kara ɗaya, wani ya riƙe ɗayan. Su fara buɗa ƙasan karan waje da ciki, 'yan aji su faɗi gefen tsinken da ke miƙewa. Sa'an nan ɗaya ya ɗaga goshi ɗaya ya sunkuyar. A matso da tsinken biyu kusa da juna a sāke, a nisanta su a sāke, yara su faɗi da bakinsu wanne ya fi ƙin murɗuwa. In akwai babban daro, a sa jirgin a ruwa a kaɗa da faranti, a hankali tukuna, sa'an nan da sauri-sauri.

Ga kuma lissafi biyu na manyan aji. Na ɗaya, jirgin fito ratarsa mita 18, wane tsawon raƙumi ne zai fi tale shi, sakan nawa ne kuma tsakanin tozo da tozo? Na biyu, a jirginmu mai mita 12, in ruwan ciki ya kai mita 2, na waje yana nan mita 1, tan nawa ke tura kowace ganga, nawa kuma gefen ƙasa na azara mai kaurin rabin mita zai ɗauka?